Gwajin Ife da Yaran Sabo



'Yan uwa, waɗanda suka halarci zamanmu na watan jiya sun ga yadda aka daɗe ana ja-in-ja a kan karatun yara. Wani dattijo daga cikinmu ne ya kawo ƙorafin jikansa, wanda aka taho da shi daga gida bara aka sa shi aji ɗaya a wata firamaren gwamnati nan Badun. Zango guda yaron ya yi bai buɗe baki a aji ba. Da aka ba da sakamako sai ga malama ta rubuta cewa yaro ba ya gane karatu. Kakan ya ce yaron nan ya wuce Amma a allo, kuma in aka bar shi a shago yana ba da canji ba kuskure, to ina rashin ganewar yake? Wasu suka ce laifin malama ne. Wasu suka ce namu ne da ba mu koya wa yara Yarbanci. Wasu kuma suka ce a kwashe yaran duka a kai su makarantun kuɗi inda ake Turanci zalla. Da magana ta ƙi ƙarewa sai shugaba ya ce ofishin sakatare ya bi diddigin abin ya rubuto wa jama'a. Ga abin da muka tattaro.

Gardamar harshen da za a koyar da yaro da shi ta girmi Nijeriya. 'Yan mishan sun sauka Badagiri a 1842, ba a jima ba suka buɗe makaranta. Su burinsu mutane su karanta littafin addininsu, don haka suka duƙufa a kan rubuta Yarbanci. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama bawa yana yaro aka 'yanto shi a teku, ya fitar da littafin kalmomin Yarbanci a 1843, kuma a 1859 har jarida ake bugawa da harshen a Abekuta, mai suna Iwe Irohin. Da gwamnatin Turawa ta sa hannu a harkar makarantu da dokar 1882, sai ta ɗaura tallafin kuɗinta a kan koyar da karatu da rubutun Turanci. Iyaye da yawa ma haka suke so, domin Turanci ne ke kai yaro ga kujerar akawu. Sai a shekarun 1920 Turawan suka sassauto, suka yarda a fara wa yaro da harshensa sannan a juya shi zuwa Turanci. Daga nan aka gaji tsarin da ya zauna a ƙasar Yarbawa: aji ɗaya zuwa uku da Yarbanci, daga aji huɗu a koma Turanci.

A gida Arewa ma kusan haka aka yi. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara, elementare kuma da Hausa aka yi ta. A nan ya kamata mu faɗi wata gaskiya da ba ta yi mana daɗi. Da Hausar nan aka koyar da yara masu yawa a Filato da kudancin Zariya da Bauchi waɗanda iyayensu mata ba sa jin ko "zo in kashe ka". Yaron Birom ko na Angas da aka zaunar a gaban malami mai Hausa ya ɗanɗani abin da jikan dattijon nan yake ɗanɗana yau. Laifi tudu ne, mukan taka namu mu hango na wani.

A watan Janairu na 1955 gwamnatin Awolowo ta Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta. A shekara guda yawan yaran firamare ya tashi daga kimanin 457,000 zuwa kimanin 811,000. A lokacin Sabo ta Badun ta kusa shekara arba'in da kafuwa, domin a 1916 aka ware ta. Unguwa ce da ta tsayu a kan fataucin shanu da goro, a kan amana tsakanin maigida da baƙonsa da dillali, kamar yadda wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya bayyana bayan ya zauna a cikinta a 1962 da 1963. Dattawanmu da suka ga zamanin suna cewa yaran da aka sa boko a Sabo ana iya ƙirga su da yatsu. Dalilan da aka fi ambata biyu ne. Yaro yana da allonsa da sana'ar ubansa. Sannan yawancin makarantun na mishan ne, ana tsoron a canza wa yaro addini da suna. Wannan tsoron Musulmin Yarbawa ma sun ji shi, shi ya sa suka kafa Ansaruddin a Legas a 1923 suka shiga gina makarantun kansu. Akwai dalili na uku da ba a cika faɗa ba. Ko da uba ya cije ya kai ɗansa, karatun da Yarbanci ake fara shi.

Su kansu yaran Yarbawa tsarin bai yi musu daɗi ba. A aji huɗu, lokacin da yaro ya fara kama karatu da harshensa, sai a ɗauke shi a jefa shi cikin Turancin da bai nuna a bakinsa ba, sau da yawa a hannun malamin da shi ma nasa Turancin da ƙyar ne. Yara da yawa sukan gama aji shida ba su iya rubuta wasiƙa mai kyau da Yarbanci ba, ba su iya da Turanci ba. An yi ba wan ba ƙanin.

Mutumin da ya tsaya a kan wannan matsala shi ne Aliu Babatunde Fafunwa. An haife shi a Isale Eko ta Legas a 1923, Musulmi ne da ya yi sakandare a makarantar mishan, ya tafi Amurka ya yi digirin digirgir a Jami'ar New York, ya koyar a Nsukka, sannan ya dawo Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo. Shi ne farfesan ilimin koyarwa na farko ɗan Nijeriya. Tambayarsa mai sauƙi ce. Yaron Ingila da Turanci yake gama firamare, na Faransa da Faransanci, na Jamus da Jamusanci. Me ya sa namu kaɗai ake canza masa doki a tsakiyar kogi? Tun a 1953 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto cewa harshen uwa ya fi dacewa da koyar da yaro, amma faɗa daban, gwadawa daban.

A farkon 1970, daidai lokacin da yaƙin basasa ya ƙare, aka fara gwajin a makarantar St. Stephen's da ke Modakeke a gefen Ife, da tallafin Gidauniyar Ford ta Amurka. Aka raba yara sababbin shiga. Rukuni ɗaya aka koyar da su komai da Yarbanci tun daga aji ɗaya har aji shida: lissafi, kimiyya, zamantakewa da al'adu. Turanci kuwa aka mayar da shi darasi guda kamar sauran darussa, aka ba shi malami na musamman wanda ya ƙware a kansa. Ɗaya rukunin aka bar su a kan tsohon tsari, shekara uku Yarbanci, shekara uku Turanci.

Aikin da ya fi cin rai shi ne littattafai. Babu littafin kimiyya na aji biyar da Yarbanci, babu na lissafin aji shida. Dole aka riƙa tara malaman jami'a da na kwalejojin horon malamai da na firamare su zauna su rubuta. In aka zo kan abin da harshen ba shi da kalmarsa, ko dai a ƙirƙira, ko a faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, ko a aro ta Turanci a lanƙwasa ta ta hau bakin Bayarabe, kamar yadda mu ma muka yi da "mota" da "asibiti". Kafin a gama an rubuta littattafai fiye da ɗari, na yara da na jagoran malami. A 1973 aka faɗaɗa gwajin zuwa wasu makarantu goma, har da na ƙauye. An rufe aikin a 1978, aka ci gaba da bibiyar yaran bayan sun shiga sakandare, cikakken rahoton kuma ya fito a littafi a 1989.

Abin da iyaye suka fi tsoro shi ne Turancin yaransu zai lalace. Hakan bai faru ba. Yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a yawancin sauran darussa kuma sun fi su, waɗanda suka gudu daga makaranta a cikinsu ma sun fi kaɗan. Masu suka sun ce ba a yi adalci a awon ba, tunda an ba rukunin gwaji ƙwararren malamin Turanci da kulawar jami'a, wa ya sani ko wannan ne ya ɗaga su. A ganinmu sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma ita ma darasi ce. Ta nuna cewa malamin Turanci guda ɗaya da ya san aikinsa ya fi malamai shida masu kame-kame amfani ga yaro.

Sai dai da muka karanta labarin nan da idon mutumin Sabo, wani abu ya tsaya mana a rai. Gwajin Ife ya yi nasara ne a ajin da malami da yara da iyayensu duk harshe ɗaya suke yi. Tambayar da aka je amsawa ita ce ko Yarbanci ko Turanci. Ba a tsara shi domin yaron da ke zaune a bencin baya wanda ba ya jin ko ɗaya daga cikin biyun ba. Kuma Ife ɗin nan tana da Sabonta, da 'yan uwanmu a ciki tun kafin a yi jami'ar.

Waɗanda suka fi kusa da irin matsalarmu su ne mutanen Jihar Ribas. A can tafiyar awa guda a kwalekwale sai harshe ya canza. A 1970 su ma suka fara wani shiri na rubuta littattafan koyon karatu da harsunan jihar, wanda wata Baturiya masaniyar harsuna, Kay Williamson, da masanin tarihi E. J. Alagoa suka yi wa tsaye. Suka bi harsunan ɗaya bayan ɗaya, Nembe, Kalabari, Okrika, Khana, Ikwerre da sauransu, har kusan ashirin, kowanne aka kafa masa kwamitin masu harshen su daidaita rubutunsa. Ba su ce harshe ya yi ƙanƙanta da a yi masa littafi ba. Amma su ma garin da harshen yake suka bi. Yaron da iyayensa suka yi ƙaura zuwa Fatakwal ya shiga aji mai harsuna bakwai, littafin garinsu bai biyo shi ba.

Gwamnatin tarayya ta shigo da ilimin firamare kyauta na ƙasa baki ɗaya a Satumban 1976, sannan a 1977 ta fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa. A cikinta aka ce a fara koyar da yaro da harshen uwarsa ko harshen mutanen wurin da makarantar take, daga baya a koma Turanci. 'Yan uwa, ku lura da wannan "ko" ɗin, domin a cikinsa yaranmu suka faɗa. Ga yaron Oje ko Beere, harshen uwa da harshen gari abu ɗaya ne. Ga yaron Sabo ko Shasha ko Ojo, abu biyu ne, kuma makaranta na biyun take ɗauka. Ba mugunta ba ce, haka takardar ta ba da dama.

Manufar ta kuma ce kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, Hausa da Ibo da Yarbanci, ban da nasa. Da an bi wannan da gaske, da yaronmu ya zama abin nema a aji, domin shi ne zai taya 'yan ajinsu Hausa. Har cibiyar harsunan Nijeriya aka kafa a Aba a 1993, kuma wasu kwalejojin ilimi na nan Kudu, irin ta tarayya da ke Abekuta, suna da sashen Hausa. Amma ku tambayi yaranku makarantu nawa ne a garin nan suke da malamin Hausa.

Makarantun haɗin kai na tarayya wata hanya suka bi. An fara da uku a 1966, a Sakkwato da Warri da Okposi, bayan yaƙi Gowon ya yawaita su, yanzu sun haura ɗari. A can ana tara yara daga kowace jiha a ɗaki ɗaya, a ce kowa ya ajiye harshensa a bakin ƙofa. Sun haifar da abota mai yawa tsakanin ƙabilu, wannan ba mai musu. Amma yaran sun riga sun kai shekara goma sha ɗaya, sun ci jarrabawar shiga da Turanci. Kuma al'adar cin tarar yaro ko dukansa don ya yi harshen gidansu, wadda da yawanmu muka sha a makarantu iri-iri, ta koya wa yara kunyar abin da bai kamata su ji kunyarsa ba.

Fafunwa da kansa ya zama ministan ilimi daga 1990 zuwa 1992, amma tsarin shekara shida bai zama na ƙasa ba har ya rasu a 2010. A 2018 Jihar Legas ta yi dokar da ta wajabta koyar da Yarbanci a firamare da sakandare, na gwamnati da na kuɗi, ta kuma sa cin Yarbanci a jarrabawa cikin sharuɗɗan shiga manyan makarantun jihar. 'Yan uwanmu na Agege da Idi-Araba su riƙe wannan da kyau tun yaro yana ƙarami. A ƙarshen Nuwamban 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana minista, majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a koyar da harshen uwa duk shekara shida na firamare, wato abin da aka gwada a Modakeke shekara hamsin da biyu kafin nan. Ba a kai ga wadata makarantu da littattafai da malamai ba, sai a Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke manufar, ya ce a koma Turanci tun daga farko, yana kafa hujja da faɗuwar yara a jarrabawa. Mu dai ba mu ga inda aka aiwatar da ita ba balle a ɗora mata laifin.

Duk wannan kai-komo a takarda yake. A cikin ajin firamaren gwamnati a Badun, ko me Abuja ta ce, malama za ta karanta da Turanci ta yi bayani da Yarbanci, domin shi yawancin yaranta suke ji. Yaranmu da aka haifa a nan ba su da matsala sosai. Sun tashi da Hausa a gida, Yarbanci a layi, Larabci a allo, wasunsu ma in suna faɗa da Yarbanci ba ka ce ba 'yan Oje ba ne. Masu shan wuya su ne sababbin zuwa, waɗanda rashin tsaro ya koro iyayensu daga Zamfara da Katsina da Sakkwato, da kuma 'yan mata ƙanana da ba a cika barinsu fita layi ba. Irin wannan yaro harsuna biyu baƙi ake haɗa masa rana guda. Ga shi ya saba rubutu daga dama, sai ya buɗe littafinsa ta baya, malama ta ɗauka shirme ne, alhali alama ce ta yaron da ya riga ya san karatu. Rubutun Yarbanci kuma yana da ɗigo a ƙarƙashin wasu baƙaƙe da alamun karin sauti a sama, abin da ko babban da ya iya bokon Hausa sai ya zauna ya koya. In ya buɗe baki ya musanya "p" da "f" sai aji ya fashe da dariya, kamar ba su ne ake tsokana da cewa kaza a Turancin Badun "sikin" ce ba.

Kada kuma mu manta da namu tudun. Mutanen gari duk wanda ya fito daga Arewa Bahaushe suke ce masa, amma mu mun san a cikinmu akwai Fulani da Barebari da Zabarmawa da Buzaye. A Islamiyyunmu na unguwa akwai yaran da Hausarsu ba ta nuna ba, akwai ma 'ya'yan maƙwabtanmu Yarbawa da ake kawowa don an yarda da karatunmu. Da Hausa zalla ake yi musu fassara, wanda bai gane ba a ce ƙwaƙwalwarsa ce.

Makon da ya wuce mu uku muka raka dattijon nan makarantar jikansa. Malamar ta karɓe mu da mutunci. Yara fiye da sittin ne a gabanta ita kaɗai. Ta ce tunda aka kawo yaron ba wanda ya taɓa zuwa daga gidansu, kuma ba ta san yana karanta wani rubutu ba. Aka ba shi alli ya rubuta sunansa da ajami a allon aji, ta tsaya tana kallo. Nan take ta canza masa wurin zama, ta haɗa shi da wata yarinya haifaffiyar Sabo mai jin harsunan biyu, ta ce in ta yi bayani yarinyar ta riƙa maimaita masa a hankali. Ta kuma roƙe mu a riƙa turo wani babba duk ranar taron iyaye da malamai, domin ta ce kujerun iyayen yaran Arewa kullum wayam suke.

Abu biyu za mu gabatar a zama mai zuwa. Muna so kowane mai unguwa ya kawo sunayen yaran da suka zo cikin shekara biyun nan da makarantun da aka sa su. Sannan matasanmu uku masu takardar shaidar malanta sun ce za su iya zama da irin waɗannan yara bayan la'asar, kwana uku a mako, su bi musu darasin ranar da Hausa, su kuma ɗora su a kan gaisuwa da ƙirga da kalmomin aji na Yarbanci da Turanci. Malaman allo sun nemi kada lokacin ya ci karo da nasu, kuma har yanzu ba a tsayar da ɗakin da za a yi ba, da wanda zai ɗauki kuɗin alli da ɗan abin motar matasan. Mai shawara ya taho da ita.

Wassalam.
Sakatare